To a kan idon wa aka koyar da kwamfutar?

Na ga wani labari da ya ce yanzu kwamfuta na auna kaurin kowane shimfiɗi na koniya, wato gilashin gaban ido, daga hoton na'urar OCT, mai ɗaukar hoton cikin ido da haske, ba tare da likita ya ja layi da hannu ba. Na yarda aikin ya fi ƙarfin hannu. Duka koniyar kusan rabin milimita ce, fatar samanta kuma maikiron 50 kacal (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ko kaurin gashi ba ta kai ba. Amma wani ɗan'uwa ya ce wai likitan ido ya tattara kayansa, kwamfuta ta karɓe aikinsa. Ɗan'uwa, yi haƙuri. Mahaifiyata na da hakiya, na ga hoton idonta a allo: wurin tabon fari fat, layukan sun haɗe, sai da likita ya gyara wanda na'urar ta ja. Abin da ya fi damuna shi ne, bincike ya nuna koniyar baƙar fata ta fi ta farar fata siranta, hakan kan sa awon hawan jinin ido ya fito ƙasa da gaskiyarsa. To hotunan da aka koyar da kwamfutar da su, nawa ne na idanunmu?