Digirin digirgir a fannin kwamfuta: tallafin kuɗi kaɗai ba zai cike giɓin ba

A shekarar 2016 masaniyar kwamfuta Timnit Gebru ta halarci babban taron masana ƙirƙirarriyar basira a Barcelona, ta ƙirga baƙar fata shida kacal cikin dubban mahalarta. Da shekara ta zagayo, ita da Rediet Abebe suka kafa Black in AI, ƙungiyar baƙar fata masu aiki a wannan fanni. Tun 1969 Clarence Ellis ya zama baƙar fatan Amurka na farko da ya yi digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta, amma sai 2019 Jami'ar Cornell ta yaye baƙar mace ta farko a wannan mataki, ita Rediet ɗin.

Da an taso da zancen, jami'o'i kan yi saurin ware kuɗin tallafi. Madalla, sai dai a ganina matsalar ta riga nan faruwa. A Amurka galibin masu digirgir a fannin kwamfuta ba sa biyan kuɗin makaranta, alawus ma ake ba su, amma ɗan talakan da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu, wa zai faɗa masa? Ko ya ji, masu tantancewa wasiƙar shaida daga farfesa suke nema, da hujjar cewa ya taɓa yin bincike. Ɗalibar da ke fita aji ta wuce wurin aiki don abin sawa a baki, yaushe ta zauna a ɗakin bincike har wani ya san ta? Shi ya sa shirin DREU na CRA, ƙungiyar masu binciken kwamfuta a Arewacin Amurka, mai haɗa ɗaliban digirin farko da malami su yi bincike lokacin hutu, ya fi burge ni.

Masu cewa cancanta kaɗai za a duba su tuna binciken Joy Buolamwini da Gebru na 2018: kuskuren manhajojin da ke duba fuska su faɗi namiji ne ko mace ya kai har kusan kashi 35 cikin 100 a kan mata masu duhun fata, a kan fararen maza kuwa bai kai kashi 1 ba. Sai da masu irin fatar suka shiga ɗakin bincike aka gano.

Mu ma haka ne. Tarin bayanan NaijaSenti na 2022, wato saƙonnin Twitter da ake koya wa kwamfuta gane ra'ayi da su, wanda ya ƙunshi Hausa, matasan HausaNLP, ƙungiyar masu koya wa kwamfuta harshen Hausa, su ne suka ja gabansa. Amma irinsu daga Afirka da dama Kanada ta hana wa biza zuwa NeurIPS, wancan babban taron masana ƙirƙirarriyar basira, a 2018 da 2019, alhali a irin wannan taro ɗalibi ke haɗuwa da malamin da zai ɗauke shi.