Mu ma muna da dutsen farar ƙasa a Sakkwato

“Ku garinku ai fili ne kawai, babu abin ɗauka.” Abin da wani abokin kasuwancina ɗan Sin ya ce ke nan, muna tsaye a kan wani tsauni kusa da garin Yanshuwo a kudancin ƙasarsu, bayan na nuna masa hotunan gida a wayata. Da murmushi ya faɗa, ba da nufin raini ba, amma har muka dawo Gwanzu maganar na cina a rai.

Gaskiya wurin nasu ya kai a gani. Tun kafin asuba muka fara hawa, matakalar dutse ce mai santsi saboda raɓa, kowa da tocilan a hannu. A gabana wata tsohuwa ce da sanda, ta goya kyamara a baya, tana haki amma ba ta tsaya ba. Da muka kai sama babu wurin sa ƙafa, an jera ƙafafun kyamara tun cikin duhu, wasu na kurɓar shayi daga fulas. Gari na fara wayewa sai duwatsu suka riƙa fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya, tsiri-tsiri kamar rumbuna, kore shar tun daga gindi har ƙoli, kogin Li yana lanƙwasa a tsakaninsu. Ba ka jin komai sai ƙarar maɓallin kyamara. Hoton wannan kogi da duwatsunsa ne a bayan takardar kuɗinsu ta yuwan 20, shi ya sa a bakin ruwa za ka ga mutum ya ɗaga takardar yana daidaita ta da duwatsun kafin ya ɗauka. Tun 2014 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

To amma dutsen me ne? Dutsen farar ƙasa ne, wanda ruwan sama ya yi ta ci a hankali na miliyoyin shekaru har ya bar waɗannan hasumiyoyi. Irinsa ne ke kwance a ƙarƙashin Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato. Shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a can a 1962, zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1967. Namu bai miƙe sama ba, ruwanmu ma wata huɗu ne, sauran shekara rana da iska. Amma ya gina gidaje da masallatai da makarantu, kuma ni a wurina wannan ya fi hoto. Ba na musun cewa su ma nasu na ciyar da mutane. Masu kwalekwale da masu masauki da masu sayar da lemu duk daga baƙi suke ci.

Abin da na kasa gaya masa a lokacin, don harshen bai ishe ni ba, shi ne Sakkwato teku ce a dā. Dutsen Kalambaina ya taru ne a ƙarƙashin ruwan gishiri, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma har yau ana samun ɓawon halittun teku a cikinsa. A 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankinmu suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Na yi firamare da sakandare a Sakkwato, babu malamin da ya taɓa kai mu ko bakin tudu ya ce ku duba ƙasa. Wanda ya hau dutse babu dabba a gabansa, yawon banza ake cewa ya tafi.

Daren da na dawo na kira ƙanena, na ce ya samu rana da sassafe ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo, ya hau tuddan nan masu jan dutse a kai, ya ɗauko mini fadamar Rima daga sama, da gonakin shinkafa da albasa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, wa ke shiga daji don hoto yanzu? Mutanen da ke da gona ma da addu'a suke zuwa.”

Nan fa jikina ya yi sanyi. Tsohuwa ’yar shekara saba'in na hawa dutse cikin duhu ita kaɗai, abin da ke ranta kawai kada gajimare ya rufe mata rana, ni kuwa saurayi mai jini a jika ba zan iya aikensa tafiyar da muke yi a babur muna yara ba. Na ce masa ya bari, kada ma ya gaya wa Inna na yi zancen.