Ranar da Filota Ta Rushe Sashen Amarya

Tunda labarin ya riga ya zaga har wurin mai shayin bakin ofis, gara ku ji shi daga bakina kafin ɗan bautar ƙasarmu ya ƙara masa gishiri.

Kun dai san wahalar da muke sha. Duk zanen ginin da ya wuce girman takardar A3 sai an zuba shi a filasha an nufi Area 10 a nan Abuja, a bi layi, a dawo da naɗaɗɗun takardu a hammata. Oga ya gaji, ya ce a sayo filota tamu ta kanmu, wato injin buga manyan zane-zane, ya ɗora aikin a wuyana. Ni kuwa na yi bincike tsakani da Allah. Na gano mai inci 24 ba ta wuce A1, wato milimita 594 da 841, in kuma ana son A0, mai 841 da 1189, to sai mai inci 36. Na jera HP da Canon da Epson a takarda, na kai wa Akanta. Ya kalli kuɗin sabuwa, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo, ya ce ko na manta ba mu da rijiyar mai. Haka aka yi na ƙare a wata filaza a Wuse 2, gaban wata tokumbo mai inci 36 da mai shagon ya rantse min da kabarin kakansa cewa wani Bature ne ya ɗan taɓa ta ya ajiye. Ba zan faɗi kamfaninta ba, don ba laifinsu ba ne. Ya buga min gwaji a gabana, zanen wani bene, layuka baƙaƙe wuluk, ba tsinkewa ko ɗaya. Na duba bel ɗin, bai fara marmashewa ba. Wuƙar yanka takarda na aiki. Na ma tilasta wa Akanta ya ƙara kuɗin UPS, batirin nan mai riƙe wuta, don kada a ɗauke wuta tana tsakiyar aiki. Ku riƙe wannan UPS ɗin, zai dawo.

Ranar Talata Alhaji ya zo ganin zanen gyaran gidansa na Gwarinpa. Kun san wane Alhaji, kun kuma san dalilin gyaran: sashen amarya za a gina ta bayan gida, ciki da falo da banɗaki, kafin biki. Abin da ba mu sani ba shi ne da Hajiya uwargida zai zo. Wai an yi mata alkawarin faɗaɗa kicin, ta ce sai ta gani da idonta.

Oga da son burga. Zanen na nan a kwamfuta, da ya juya musu fuskarta an wuce wurin, amma ya ce a'a, yau za su ga sabon injinmu. Ya tara su gaban filota ya yi musu bayani dalla-dalla: "Alhaji, Hajiya, a ofishin nan duk bangon da kuka gani baƙi, yana nan yadda yake. Ja, sabon gini ne. Rawaya kuwa rushewa za a yi." Hajiya ta maimaita, "Rawaya rushewa." Oga ya ce, "Sosai, Hajiya." Sai ya juyo gare ni, "Bismilla."

Na danna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban filota ya san ba ta da gaggawa. Kan da ke fesa tawada yana kai-komo, zuuu, zuuu, takarda na leƙowa kaɗan-kaɗan. Katangar gaba ta fito baƙa, tsaf. Falon Alhaji ya fito. Har na fara gyara tsayuwa, na harɗe hannu a baya. Tsohon sito ya fito rawaya, daidai, dama shi za a rushe. Sai takardar ta iso bayan gida, inda na kwana biyu ina zana wa amarya sashenta da jan layi.

Rawaya.

Na ce ko hasken taga ne. Na matsa kusa, na sunkuya kamar ina duba takardar ko ta karkace. Bangon falon amarya rawaya. Ƙofarta rawaya. Zuuu, zuuu, ga ɗakin kwana yana fitowa, shi ma rawaya shar. Wallahi tun da nake a Abuja ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Ina cikin roƙon idona ya sauka kan UPS, koriyar fitilarsa na kallona. Ko an ɗauke, wannan abin da na yi faɗa da Akanta a kansa zai ƙarasa min aikin har banɗaki. Na yi tunanin in taka wayar da ƙafa kamar tuntuɓe, amma Alhaji na tsaye a kanta. Maɓallin sokewa kuma yana can ɗaya gefen, sai na ratsa ta gaban Hajiya, ita kuwa ta riga ta sa tabarau.

Wuƙa ta yanke takarda, ƙyat, ta faɗa kwando. Oga, da bai ko kalla ba don yana ba Alhaji labarin saurin injin, ya ɗauko ya shimfiɗa a tebur da hannu bibbiyu. Shiru. Hajiya ta ɗora yatsa a bayan gida ta bi layin a hankali, tun daga falo har banɗaki, ta ɗago ta ce, "Akitek, ka ce rawaya mene ne?"

Oga ya buɗe baki ya rufe.

Ta ce, "Ikon Allah. Ba a ma gina ba har an rushe."

Alhaji ya ce, "Akitek, wannan wane irin wasa ne?" Oga ya juyo ya kalle ni, irin kallon nan nasa. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na shiga bayani. Na ce ranka ya daɗe, ai injin ba shi da jar tawada ta kansa, tawada huɗu gare shi, baƙa da shuɗiya da rawaya da majenta, ja kuwa haɗin majenta ne da rawaya, to in ƙofofin majenta suka toshe saboda injin ya daɗe a ajiye tawada ta bushe a kai, sai rawayar ta fito ita kaɗai. Duk gaskiya na faɗa. Alhaji ya ce shi bai zo karatun fenti ba. Don in kwantar da hankali, na nuna wa Hajiya cewa ai kicin ɗinta ma rawaya ya fito, kin ga ba da gangan ba ne. Ta leƙa, ta ce, "Ɗana, kicin ɗin na yafe. A bar zanen yadda yake." Ta naɗe takardar da kanta ta sa a hammata, wai za ta ajiye.

Yanzu bari in zo kan ɗan bautar ƙasa, don shi ne ainihin abin da ke cina. Yaron nan ni na koya masa yadda ake saita sikeli. Ni nake rage masa hanya zuwa Berger in an tashi. Lokacin da Hajiya ta yi maganarta, kowa ya daure, har Akanta ya daure, shi kaɗai ya fashe, ya ruga banɗaki, muna jiyo shi ta bango. Wannan ma na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne yadda yake bin mutane yana cewa wai tun a shago ya ce min a buga gwajin launuka. Ƙarya ne. Abin da ya ce shi ne, "Yallaɓai, ba za a gwada kala ba?" kuma yana faɗa yana cin gyaɗa, yana kallon wata waya a shagon maƙwabta. Haka ake ba da shawara? In da gaske yake, me ya hana shi ajiye gyaɗar? Yanzu ya zama gwani, har yana koya wa 'yan ofishin sama cewa kada su sayi tokumbo sai an buga musu shafin da ke nuna kowace tawada daban, a kuma duba adadin abin da injin ya taɓa bugawa, a tambayi kuɗin sabon kai kafin a biya. A bakina ya ji duk wannan, bayan abin ya faru.

Mai shagon kuwa da na kira shi, cewa ya yi ƙurar hunturu ce, in sa injin ya wanke kansa. Ya wanke har tawadar ta kusa ƙarewa, majenta ko ɗigo. Sabon kai sai an aiko daga Legas, kuɗinsa kuma Akanta ya ce in rubuto a takarda, ya cire tabarau tun kafin in rubuta.

Zanen Alhaji dai an sake buga shi a Area 10, ja ya fito ja. Ni aka aika. Hajiya ta aiko min da dambun nama ta hannun direba, Oga ya ce kada in kuskura Alhaji ya ji. Ɗan bautar ƙasar ya ci fiye da rabi.