Fuskar wata, muryar wata: matsalar da Hollywood ke fama da ita in ta ɗauko wasan dandamali

A shekarar 1956 aka fara nuna My Fair Lady a dandamalin Broadway da ke birnin New York, kuma Julie Andrews ce jarumar wasan, ita ke magana ita ke rera waƙa. Da aka tashi mayar da shi fim a 1964, shugaban kamfanin fim na Warner Bros., Jack Warner, ya ga ba a san ta a harkar fim ba, sai ya ɗauko Audrey Hepburn wadda sunanta kaɗai ya isa ya cika sinima. Amma waƙoƙin sun fi ƙarfin muryar Hepburn. Wata mawaƙiya mai suna Marni Nixon ce ta rera mafi yawansu, kuma ba a rubuta sunanta a fim ɗin ba. Ita ce dai ta rera wa Deborah Kerr a 1956, ta rera wa Natalie Wood a West Side Story na 1961, duk a ɓoye. My Fair Lady ya ci kyautar Oscar 8, amma ko cikin 'yan takara ba a sa Hepburn ba. Wadda ta ɗauki kyautar jarumar shekarar ita ce Andrews ɗin da aka tsallake, a wani fim dabam.

A ganina duk wata muhawara kan irin waɗannan finafinai daga nan take farawa. Ɗan wasan Broadway ko na West End a Landan yana hawa dandamali sau 8 a mako, ya yi waƙa, ya yi rawa, ya yi magana, babu damar a ce a sake ɗauka. Don muryarsa aka zaɓe shi. Shi kuwa mai zuba kuɗi a fim fuska yake nema, wadda za ta jawo masu sayen tikiti. Ba kasafai ake samun abu biyun nan a jikin mutum ɗaya ba.

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya, wannan bai taɓa zame mana abin kunya ba. Kowa ya san jarumar baki kawai take motsawa, muryar ta Lata Mangeshkar ce, kuma sunan Lata ya fi na jarumai da yawa da ta rera wa tashe. Haka Kannywood ta ɗauka: a ji murya a ce wannan Fati Nijar ce, wancan Nura M. Inuwa ne, alhali wasu ne ke rawar a bidiyo. Babu wanda aka yaudara, domin mawaƙi na da sunansa da masoyansa. Laifin Hollywood a wancan zamani shi ne ta ari murya ta ɓoye mai ita, ta bar 'yan kallo suna yabon wadda ba ta yi aikin ba.

Maimakon ta gyara wannan, sai ta koma ɗaya gefen. A Les Misérables na 2012, darakta Tom Hooper ya sa 'yan wasa su rera waƙoƙinsu kai tsaye a gaban kyamara, da 'yar na'ura a kunne suna jin mai kaɗa fiyano, daga baya aka ɗora sauran kiɗan. Inda abin ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Anne Hathaway ta rera babbar waƙarta kyamara na daf da fuskarta, murya na rawa, hawaye na zuba, numfashi na sarƙewa, ta kuma ci Oscar da ita. Wanda ke zaune a layin baya a gidan wasa ba zai taɓa ganin haka ba. Sai dai a fim ɗin nan ne aka ɗora wa Russell Crowe rawar Javert, wadda aka rubuta wa mai kakkaurar murya. Crowe gwani ne a fim, ba a ja, amma nan kam taura biyu ba ta taunu ba: yana fama da waƙar, wasan na kuɓuce masa. Da an samo masa mawaƙi an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, wa zai yi asara?

Masu goyon bayan Hooper za su ce muryar da ke karyewa ta fi gaskiya, wadda aka tace a situdiyo ƙyalli ce kawai. Na yarda da su a waƙar kuka da ta ban tausayi. Ban yarda ba a waƙar da aka tsara don ta girgiza zaure, domin ita ƙarfinta ne ma'anarta.

Ba kuma zan ce ɗauko ɗan wasan asali shi ne magani a kullum ba. Ben Platt ya burge a dandamali a matsayin ɗalibin sakandare a Dear Evan Hansen. Da fim ɗin ya fito a 2021 yana da shekara 27, kyamara ta matso, kowa ya ga babban mutum cikin kayan yara. Daga nesa ɗan kallo na yafe irin wannan, yana cike giɓin da tunaninsa. Cats na 2019 ma nan ya faɗi: mutane sanye da kayan kyanwa abin sha'awa ne a dandamali, amma da aka dasa musu gashi da kwamfuta sai suka zama abin tsoro, har sai da kamfanin ya aika wa sinimomi gyararren kwafi bayan an fara nunawa.

Wanda ya fi burge ni wajen warware wannan ƙulli daga Afirka ya fito. Sarafina! na Mbongeni Ngema ya fara ne a gidan wasa na Market da ke Johannesburg a 1987, ya isa Broadway a 1988. Da aka mayar da shi fim a 1992, an bar Leleti Khumalo a gurbinta na jaruma, aka kawo Whoopi Goldberg a matsayin malamar makaranta. Babban suna ya samu don kasuwa, nauyin labarin kuma ya zauna a kan wadda ta san shi tun daga dandamali. Sannan fim ya ba labarin boren ɗaliban Soweto abin da dandamali ba zai iya ba: ƙura, tituna, motocin sojoji, gidajen kwano. Ga kuma yaɗuwa. Mutum nawa ne a nahiyar nan za su iya zuwa New York kallon wasa? Kaset ɗin bidiyo ne ya kai shi gidajen da ko sunan Broadway ba su taɓa ji ba.

Wicked na 2024 ya yi sa'ar da ba kowa ke samu ba, ya haɗa Cynthia Erivo, 'yar Birtaniya mai iyaye 'yan Najeriya wadda ta riga ta ci kyautar Tony a dandamali, da mawaƙiya Ariana Grande. Dukansu suna da fuskar, suna da muryar, don haka batun aro bai taso ba. Nasa aibin dabam ne. An raba labarin gida biyu, kashin farko kaɗai ya kai kusan awa 2 da minti 40, wato ya yi kusan tsawon wasan dandamalin gaba ɗayansa. 'Yan kallon gidan wasa hutun 'yan mintoci suke yi tsakanin rabi da rabi, na sinima kuwa sai da suka jira shekara guda, suka kuma sake sayen tikiti.