Gida Har Gida, Amma Ba Zaure

Kwanakin baya na je ta'aziyya wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Mahaifin abokina ne ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gidan na gani na faɗa ne: bene, tayil har jikin bango, get na ƙarfe mai zugewa, katanga doguwa da waya mai ƙaya a samanta. Sai dai babu inda za a zauna a karɓi gaisuwa. Hayar rumfa da kujerun roba aka yi, aka datse titi, masu Adaidaita Sahu suna juyawa suna ƙunƙuni. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗaga kai ya ƙare wa benen kallo, ya ce a hankali, "Gida har gida, amma ba zaure."

Tun ranar maganar take cina. Da ku nake, 'yan uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya fara buɗa wa, an yanki fili, ana tara bulo.

A gidan kakana na tashi, cikin birni. Soron gidan, kamar yadda Kanawa ke kiran zaure, ɗaki ne guda mai kaurin bango, ƙofar waje ba ta saitin ƙofar ciki, don kada idon mai wucewa ya faɗa kan matan gida. Da asuba makarantar allo ce. Da hantsi wani tela ke ɗinkin hula a ciki. Bayan magariba kowane magidanci a layin zai aiko da kwanon tuwonsa a yi ciyayya, mai miyar kuka tsura da mai nama a sa hannu tare, ba a san na wane ba. Baƙon da dare ya yi masa a nan yake kwana, ba a tambayarsa daga ina sai gari ya waye. Nan ake ɗaurin aure, nan ake raɗin suna, nan ake sulhun ma'aurata, nan saurayi ke tsayawa zance inda kowa ke jin tarinsa. Daga soro sai shigifa, daga nan sai tsakar gida. Kowace ƙofa tana faɗa maka iyakarka ba tare da kowa ya yi magana ba. Yaro ya san ranar da ya girma, ranar da ya fara tsayawa a soro yana sallama a gidan da a da yake faɗawa da gudu.

Ba a aji aka koya mana wannan kunyar ba. Ginin ne ya koya mana.

Yanzu dubi abin da muke ginawa. Mutum ya ga hoto a Instagram, ya kai wa mai zanen gida ya ce irin wannan nake so. A cinye filin kaf da gini, ɗan abin da ya rage a malale shi da siminti don ajiye mota. Baƙo ko dai ya tsaya a rana yana bugun get yana kiran waya, ko a shigo da shi falo tsakiyar iyali, uwargida ta kwashi yara ta gudu ɗaki. Maƙwabci kuwa sai a shekara ba a san sunansa ba. Sannan mu zauna muna cewa zumunci ya mutu. To a ina zai zauna, tunda ba mu bar masa ko dakali ba?

Mata ma an cuce su, ba a dai faɗa. Tsakar gida fadarsu ce: nan turmi, nan igiyar shanya, nan kitso, nan hira da maƙwabta a inuwar darbejiya. Yau an rufe baiwar Allah a ɗaki mai labule uku, idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu ita da yara sai fifita da kwali.

Kada wani ya ce ina kiran mutane su koma gidan ƙasa. Na san wahalarsa. Na ɗauki kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ka lokacin yaɓe, na kwana ina tara kwanuka ƙarƙashin yoyo don indararo ya toshe. Katanga mai tsayi ma ba don ado ake yinta ba, halin tsaro ya sa. Maganata kan tsari ne, kuma tsari ba ruwansa da ko da tubali aka yi ko da bulo. Amma ko ƙasar ma mu daina yi mata kallon talauci. Magina na da sun san abin da suke yi: bango mai kauri da ke riƙe sanyi da rana, azara ta giginya da gara ba ta ci, makuba daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, bakan gizo da ke ɗauke rufin babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau ana karantar da shi ga ɗaliban zanen gini. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Abin da aka gada, in ba a kula da shi ba, ba lalacewa kaɗai yake yi ba.

Leƙa Nijar ka ga yadda wasu suka yi. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce, kuma tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. A Yama, jihar Tawa, wani magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Dandaji kuwa, da tsohon masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, ba rushe shi aka yi ba. Mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mariam 'yar boko ce, ta yi karatu a Amurka, amma ba ta ji kunyar ƙasar garinsu ba.

Mu kuwa badala muke ci. Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, yau an yayyanka ta shaguna da gareji. Ƙofar Na'isa ta asali an ture ta a 2010 don faɗaɗa titi. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni daga cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike su da shara an sayar. Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa, shi ya sa yake shigo mana ɗaki. Muna zagin hukuma, kuma ta cancanci wani zagin, amma wa ke saye? In ba mai saye, dillali ba zai yanka ba. Ɗan uwa, idan aka yi maka tayin fili a kan badala ko a bakin kududdufi, komai arhar sa, ka haƙura.

Ko sunayen unguwanni ku duba. Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Alfindiki, Dandalin Turawa. Kowanne yana ba ka labarin waɗanda suka zo fatauci aka ba su masauki har suka zama 'yan gari. Jikokinmu me za su karanta a Layi na Uku, gida mai lamba 14?

Wata fitinar kuma rabon gado. Tsoho na rasuwa, abin da ake fara yi shi ne fasa soro a yi shago biyu, a bar wani siririn lungu na shiga gida. Kuɗin hayar ba ya kai ko'ina, amma gidan ya rasa fuskarsa har abada. In kana cikin magada, ka zama mai cewa a bar soron na kowa da kowa. Za a ce maka ba ka son ci gaba. Ka jure.

In kuma naka ginin za ka yi, kafin a zana falo na biyu da ba mai zama a ciki, ka ce a fitar maka da ɗaki guda mai ƙofa ta waje, ko da ƙafa goma sha biyu ne. A yi dakali a gefen get. A bar tsakar gida a buɗe, a dasa bishiya, a sa tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa. Mai zanen zai iya cewa an daina yayi. Kuɗinka ne, kai za ka zauna.

Abokin nan nawa, bayan sadakar bakwai, na ji yana tambayar wani birkila nawa zai ci a fasa bangon ɗakin maigadi a fitar da ƙofa ta titi.