Siket ɗin babbar mace: a sake awo, a bar yadi ya bi yanayi

Kwanakin baya na zauna taya mahaifiyata gyaran akwatin kayanta, sai na ƙirga siket goma sha ɗaya a ninke, waɗansu ko karin gugarsu bai baje ba, alhali a iya sanina guda biyu kacal take juyawa, rani da damina. Na ɗauko wani mai ruwan toka wanda ni da kaina na bayar aka ɗinka mata, na ce, “Umma, wannan fa me ya yi miki?” Ta karɓa ta juya shi, ta sa yatsa a bakin ƙugun, ta ce, “Nan yake cina idan na zauna.” Na ɗauko wani, ta ce zif ɗinsa a baya yake, hannunta ba ya kaiwa. Na ukun kuwa, tun ranar da ta taka bakinsa a kan matakala ta kusa kifawa ba ta sake yarda da shi ba. Da ta ga raina ya sosu sai ta ce, “Ki daina wahalar da kanki, ni da na tsufa wa zai dube ni?”

Wannan maganar ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin na san ba son kwalliya ne ya fita daga ranta ba. Kayan ne aka ɗinka da awon da tela ya rubuta a littafinsa shekara goma da suka wuce, mu kuma 'ya'yanta muna ta aika yadi muna cewa a ɗinka mata kamar yadda aka saba. Ra'ayina, wanda na kai gare shi bayan na lura da ita da sa'o'inta, shi ne babbar mace ba ta bukatar siket masu yawa. Abin da take bukata shi ne yanka guda ɗaya da ya dace da jikinta na yau, sannan a riƙa sauya mata yadi gwargwadon zafi ko ruwa ko sanyi.

Jikin mace yana sauya fasali da shekaru, kuma sauyin yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata jinin al'ada yana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma a wannan lokaci sinadarin istirojin, wanda jikin mace yake samarwa, yana raguwa, sai kitsen da a da yake taruwa a cinya da kwatangwalo ya koma taruwa a ciki. Haka kuma daga shekara 40 tsawon mutum yakan ragu da kimanin santimita 1 a duk shekara goma. Idan aka haɗa waɗannan biyun, za a gane dalilin da ya sa siket ɗin da ya zauna daram a da yanzu yake matse ƙugu, ya yi buhu a kwatangwalo, sannan bakinsa ya riƙa jan ƙasa. Saboda haka matakin farko shi ne a sake awo, kuma a auna ƙugu sau biyu, tana tsaye da kuma tana zaune, domin ciki yana buɗewa idan an zauna, kuma babbar mace ta fi daɗewa a zaune fiye da budurwa.

Bakin ƙugu shi ne inda aka fi cutar da iyayenmu. Siririyar roba tana nannaɗewa ta nutse cikin fata, ta bar shaida ja wadda kan yi ƙaiƙayi har dare, ga shi fatar mai shekaru ta yi laushi ba ta jure gurza. Wanda na ga ya fi dacewa shi ne ƙugu mai faɗin santimita 3 zuwa 4, gabansa a shimfiɗe ba tattara, bayansa kuma da roba mai faɗi, ta yadda gaban zai kwanta lafiya a kan ciki, bayan kuma ya ba da sarari idan an ci abinci ko an zauna. Idan dole sai an sa zif, a sa shi a gefe, a yi masa kai babba wanda yatsu masu amosanin gaɓɓai za su iya kamawa. A kuma yi aljihu mai zurfi a jikin ɗinkin gefe, domin macen da take riƙe da sanda ko ƙarfen matakala tana bukatar hannunta a sake.

Maganar tsawo kuwa ta wuce kwalliya, ta shafi lafiya. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara, kuma faɗuwar tsoho ba irin ta yaro ba ce, karayar kwatangwalo kan kwantar da mutum watanni. Siket mai sharar ƙasa yana da kyau a hoto, amma mai hawa matakala da shi sai ta tattare shi da hannu ɗaya, ta rage wa kanta abin dafawa. Wadda take son dogo, a tsayar mata da shi daidai idon sawu, kuma a auna tana sanye da takalmin da ta fi sawa. Akwai wani abu da teloli da yawa ba sa kula da shi: idan ciki ya fito yana ɗage gaban siket, idan mazaunai suka zube bayan yana sauka, don haka kalmasar da aka yi a kan tebur ba ta zuwa daidai a jiki. Kamata ya yi ta sa siket ɗin ta tsaya, a auna daga ƙasa zuwa sama a zagaye, a sa alama da alli, sannan a kalmashe. Wadda kuma ta fi son wanda bai kai ƙasa ba, kada a yanke shi a tsakiyar sha-raɓa inda ƙafa ta fi kauri, a sauko da shi inda ƙwauri ya fara sirancewa.

A cikin yanka iri-iri, wanda nake tsayawa a kansa shi ne mai siffar harafin A, wanda yake kama ƙugu sannan ya riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. Mai tsara tufafi Christian Dior ne ya fito da wannan suna a Faransa a shekarar 1955, kuma har yau ban ga yankan da ya kai shi rufa wa jiki asiri ba tare da ya mai da mace buhu ba. Yana wucewa ta kan ciki da cinya bai manne ba, yana ba ƙafa damar yin cikakken taku, ana zama da shi a tashi ba a ja ba a gyara ba. Matsattsen siket mai tsukakken ƙasa yana gajarta taku, sai an yi masa tsaga kafin a iya hawa mota, tsagar kuma ba kowace uwa ce take sakin jiki da ita ba. Tattara mai yawa a ƙugu tana ƙara wa ciki girma, don haka idan ana son ta, a danne ta da ɗinki har zuwa kwatangwalo sannan a sake ta. Akwai kuma yankan karkace, wato a yanka yadi a karkace ba a bin tsawon zarensa ba, wanda mai tsara tufafi Madeleine Vionnet ta shahara da shi a shekarun 1920, yana zuba a jiki gwanin sha'awa, sai dai yana bin kowane lungu na jiki, kuma yana miƙewa bayan ɗinki, shi ya sa ake rataye shi kwana ɗaya ko biyu kafin a yi masa kalmasa.

Idan an samu yanka, sauran aiki na yadi ne, kuma lokacin zafi ne ya fi bukatar a yi hankali. Jikin mai shekaru ba ya fitar da zufa da sauri kamar na matashi, don haka zafi ya fi yi masa illa, ga kuma matan da suke cikin shekarun ɗaukewar al'ada, waɗanda zafi kan taso musu farat ɗaya ko da a inuwa suke. Auduga tana riƙe danshi kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, lilin kimanin kashi 12, yadin roba irin su foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. Ma'ana, auduga da lilin suna tsotse zufa su sake ta ga iska, yadin roba kuma yana barin ta a kan fata. Kuskuren da na fi gani, kuma ni ma na taɓa yin sa, shi ne a sayi auduga mai kyau sannan a yi mata shafi da yadin roba mai santsi, sai ya zama abin da yake taɓa fatar roba ce, amfanin audugar ya tafi a banza. Idan yadin ba ya nuna jiki, a bar shi ba shafi, kuma gane hakan ba wuya, a ɗaga shi a hasken rana a sa tafin hannu a bayansa. Idan yana nunawa, a yi shafin da auduga marar nauyi. Lilin yana yamutsewa, wannan ɗabi'arsa ce, wadda abin yake damunta ta nemi wanda aka gauraya da auduga. Mai fama da gurzar cinya kuma ta sa gajeren wando na auduga a ciki, zai raba ta da raɗaɗin da mata da yawa suke haƙuri da shi ba sa faɗa.

Da damina lissafin yana juyawa. Auduga mai kauri da yadin jins idan suka jiƙe suna nauyi, su manne wa ƙafa, su yini ba su bushe ba, biskos kuma, wani yadi mai laushi da ake sarrafawa daga itace, yana rauni idan ya sha ruwa, yakan kuma tsuke bayan wanki. A nan ne yadin da aka gauraya auduga da roba yake da rana, domin yana bushewa da wuri. A ɗage tsawon da kamar yatsa uku a kan na sauran lokuta, a zaɓi launi mai duhu ko mai zane wanda fallatsin taɓo ba zai fito a jikinsa ba, kuma kada a ninke siket a akwati sai ya bushe ƙarau, saboda fumfuna.

Sanyi yana shiga tsofaffi fiye da yadda muke zato, domin kitsen ƙarƙashin fata yana raguwa, jini kuma ba ya zagayawa ƙafafu kamar da. Ulu shi ne sarkin wannan lokaci, yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba, yana kuma riƙe ɗumi, amma yana sosa busasshiyar fata, don haka dole a yi masa shafi mai laushi, a kuma wanke shi da ruwan sanyi ba tare da cuɗa mai ƙarfi ba, in ba haka ba ya tsuke ya dunƙule. Ni dai na fi son a yi hawa-hawa a kan a dogara da yadi ɗaya mai nauyi: fatari na auduga ko siririn dogon wando a ciki, doguwar safa wadda bakinta ba ya shaƙe ƙwauri, sannan siket a sama, idan rana ta ɗaga a rage ɗaya. Saboda haka siket ɗin sanyi a ƙara masa ɗan sarari a ƙugu tun wajen yanka. Idan iska ta bushe, yadin roba yana manne wa ƙafa har ya riƙa ɗan tartsatsi, maganinsa a shafa mai a ƙafa a sa fatarin auduga. Wani abin da nake so a riƙe da muhimmanci shi ne wuta: lokacin sanyi ne ake matsawa kusa da abin jin ɗumi, kuma siket mai faɗi yana kaiwa inda mai shi ba ta lura ba. Ulu ba ya saurin kamawa, auduga marar nauyi da biskos suna ci da sauri, yadin roba kuma narkewa yake yi ya manne a fata.

Tsakanin waɗannan lokuta, auduga mai matsakaicin kauri ta wadatar, a ɗora rigar sanyi marar nauyi da safe a cire da rana.

Na san akwai masu cewa tsohuwa jin daɗin jiki kawai take bukata, a ba ta duk abin da ya yalwata a wuce wurin. Ban yarda ba, domin kaya masu yalwa fiye da kima su ma suna harɗe ƙafa, kuma suna sa mace ta ji kamar an gama da ita. Haka nan ban yarda da ɗabi'armu ta saya wa iyaye baƙi da ruwan ƙasa da ruwan toka kaɗai ba, kamar shekaru sun haramta musu launi. Fuskar da ta manyanta takan haskaka da shuɗi mai zurfi, ko kore, ko jan da bai cika ƙarfi ba. Abin lura kawai shi ne daidaito: idan siket ya buɗe, rigar ta tsaya a kwatangwalo, idan rigar doguwa ce, siket ɗin ya zama mai sauka a miƙe, don kada faɗi ya hau kan faɗi ya haɗiye mai kayan. Kuma a tambaye ta. Mun iya saye mu kawo, amma ba mu cika zama mu ji wane launi take so ba, da kuma inda kaya suke damunta.

Daga baya na ɗauko tef na ce, “Umma, ki tashi in auna ki.” Ta yi ta ja da baya, sannan ta miƙe. Ƙugunta ya ƙaru da santimita 9 a kan tsohon awon, tsawon kuma sai da aka rage kusan 3. Na shimfiɗa mata yaduka a kan gado, ta wuce ruwan tokar da na yi zaton za ta ɗauka, ta ɗora hannu a kan wani kore mai duhu ta ce tun tana amarya take son wannan launi. Aka ɗinka mata guda uku a yanka ɗaya, na lilin, da na gauraye, da mai kauri mai shafi. Ranar da aka kawo ta sa koren, ta zauna ta tashi sau biyu tana shafa ƙugun, ta zura wayarta a aljihu, sannan ta dafa ƙarfe ta hau matakalar nan har sama ba ta tattare bakin siket ɗin ba.