Bakanikan bakin titi a Legas, ku ji tsoron Allah mana

Wallahi abin da wasu bakanikan bakin titi suke yi wa 'yan acaɓa a garin nan ya wuce gona da iri. Da sun hango ka kana tura mashin gumi na zuba sun san abincin rana ya zo, in kuma suka ji Hausa a bakinka to kuɗin gyara ya ninka tun kafin a taɓa sifana. Sun san ba ka da yadda za ka yi, shi ya sa. Tunda aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da su Eti-Osa a watan Yunin 2022, aka zo aka ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe, duk mun tattaru a su Alimosho da Agege da Ojo muna neman na abinci, kuma kowa ya san mashin ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, to wa zai yarda ya jingine mashin ɗinsa ƙirar Boxer a bakin hanya ya tafi neman bakaniken da ya sani?

Ranar nan da aka sha ruwan sama na ɗauko wata mata da buhun kayan miya wajen Igando, muka shiga wani ruwa da ya kwanta a layi, mashin ya yi tari ya mutu. Kik nake bugawa har ƙafata ta yi sanyi, shiru. Matar ta sauke kayanta ta hau keke, ko sisi ba ta ba ni ba, ban ma ga laifinta ba. Na tura har gindin wata lema, oga yana zaune kan tsohuwar taya yana danna waya, bai ko tashi ba ya ce kwayil ne ya ƙone. Na ce Oga ka duba fulogi tukuna mana, ruwa na shiga, sai ya ce in na iya gyara me ya kawo ni. Haka na haɗiye, mai nema ba ya fushi.

Ya aiki yaronsa ya sayo kwayil, yaro ya ɓace har na yi la'asar a gefen wani shago na dawo bai zo ba, da ya zo kwalin fes an rubuta Bajaj, sunan kamfanin mashin ɗin, amma kana ɗagawa ka san jabu ne, ba nauyi ko kaɗan. Aka ɗaura, mashin ya ƙi tashi. Sai a lokacin ya cire fulogi ya goge da gefen rigarsa, ya kwance ɗan sukurun ƙasan kafireto ruwa ya tsiyaye, ya matse soson iska, bugu ɗaya mashin ya kama. Aikin da ba zai wuce shan shayi ba kenan fa! Amma kuɗin kwayil sai na biya, kuɗin aiki daban, wai har da na ruwan yaro. Na ce to a ba ni tsohon kwayil ɗina tunda lafiyarsa ƙalau, wai ya jefar. Ina kallonsa a cikin akwatin kayan aikinsa, gobe wani bawan Allah zai sayar wa. Noti ɗaya na murfin gefe ma ya ɓatar da shi, da waya ya ɗaure min.

Masu faci su ma ba a bar su a baya ba, ƙusa ɗaya ka taka za a ce maka tib ɗin ya tashi aiki sai sabo, ko a manna maka faci da gam ɗin banza kafin ka kai Ikotun ya saki.

Kuma abin haushi kullum sai ka yanki tikiti, wannan mai karɓar kuɗin tikiti ya tare ka wancan ya tare ka, amma ranar da mashin ya mutu ba za ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 ba a magana. Na koma gida Agege bayan isha da aljihu wayam, mai mashin ya kira na fara masa bayani ya ce Malam ni ba labari na tambaye ka ba, balas ɗina na yau nake jira. Kwayil ɗin da aka ɗaura min kuwa ko sati bai rufa ba ya ƙone da gaske.